Barcin Direba: Haƙƙinsa Ne Ko Alfarmar Mai Mota?

 A wannan fitowar zan ɗan jingine zancen soyayya da kishi, amma in kun yi haƙuri za ku ga ba mu yi nisa da gida ba, domin magana ce a kan mazajen da yawa daga cikinmu, da iyayenmu da yayyenmu, wato direbobin manyan motoci.

Ki ɗauki littafin soyayya goma ki duba. Jarumin ko dai ɗan Alhaji ne da ya dawo daga karatu a Ingila, ko likita, ko hafsan soja. Direban tirela kuwa in ya fito, to ya zo ne kawai ya take iyayen yarinya a shafi na uku don ta zama marainiya labari ya yi daɗi. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Ba mai tsayawa ya tambaya yaushe rabon wannan bawan Allah da barci, kuma wa ya hana shi.

Mu a nan Gwaram ba baƙin manyan motoci ba ne. Duk wadda ta taɓa zuwa Sara ranar kasuwa, musamman da kaka, ta ga yadda ake jera su ana loda gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Wasu su bi ta Birnin Kudu su fita Kwanar Huguma, su wuce Wudil su shiga Kano, daga can su miƙi hanyar Zariya da Kaduna har Ilori da Ibadan da Ikko. Wasu kuma su yanki hanyar Ningi su faɗa Bauchi da Jos, su gangara Makurɗi su nufi ƙasar Ibo. Daga Kano kaɗai zuwa Ikko tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, kuma ba irin hanyar da za ka saki totur ka yi ta gudu ba ce. Mutum ɗaya ne a kan sitiyari, sai yaron motarsa a gefe, wanda shi ma sau da yawa gyangyaɗinsa yake yi.

Mijin Yayata direba ne, shekararsa ta fi goma yana jan motar wani attajiri. Na zauna a gidansu lokacin da nake makarantar sakandare, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Sai ya yi kwana takwas, tara, ba ya gari. Ranar da ya dawo kuwa idanun nan jajur kamar gauta, ƙafafu a kumbure, muryar ma ta dushe. Yaya za ta kai masa ruwan wanka, kafin ta zubo tuwo ta dawo ya ɓingire a kan tabarma ko hula bai cire ba. To ba wannan ne abin takaicin ba. Abin takaicin shi ne sau tari kafin asuba waya ta fara kuka, maigida ne, wai an samu lodi, a zo a tashi mota yanzun nan kar wani ya riga su. Ranar da ya ce a bar shi ya kwana ɗaya tak, amsar da ya samu ita ce in ba zai iya ba ya kawo makulli, akwai samari goma a tasha da ke jiran wannan damar. Ya tashi ya wanke fuska ya tafi, Yaya ta bi shi da addu'a ta koma ɗaki tana share hawaye.

Tun daga lokacin tambayar take cina: shin mai mota yana da ikon ya rage wa direbansa hutu don ya ga dama? Mutanenmu da yawa, har da direbobin kansu, sun ɗauka tunda motarsa ce kuma shi ke biya, to barcin direba ma a hannunsa yake, in ya bar ka ka kwanta ya yi maka alfarma. Wallahi ba haka ba ne.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda muke kira 'yan rod sefti, an kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Akwai kundin ƙa'idojin hanya na ƙasa da aka sabunta a 2012, a cikinsa an yi magana ƙarara a kan awannin tuƙi. An hana mutum ya yi ta jan mota a jere ba tsayawa fiye da wajen awa 5. An hana tuƙin da in an tattara shi a yini da dare zai zarce wajen awa 10, sai dai in ana buƙatar ƙarasa doguwar tafiya, nan an yi sassauci amma ko da sassaucin ba a yarda a wuce awa 12 da rabi ba. Sannan dole ne direba ya samu hutun awa 8 a jere cikin kowace awa 24. A jere fa aka ce, ba awa biyu a Zariya, ɗaya a Tegina, ɗaya da rabi a Jebba ba.

Amma inda na fi so 'yan uwana su buɗe kunne shi ne nan. Dokar ba direba kaɗai ta kama ba. Ta haɗa da duk wanda ya sa shi, ko ya ƙyale shi, ya yi wannan tuƙin da ya wuce ƙa'ida. Kin ga ke nan Alhajin da ke kwance a ɗakinsa cikin sanyin fanka yana buga waya yana cewa lallai gobe da safe mota ta kasance a Ikko, shi ma hannunsa dumu-dumu yake cikin laifin, ko da kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. Ban da wannan akwai dokar ƙwadago ta 1974, wadda ta ce ma'aikacin da ke aikin awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun da bai gaza awa 1 ba a cikin aikin, kuma cikin kowane kwana 7 a ba shi yini guda cur, awa 24 a jere. Direba ma ma'aikaci ne. Mijin Yaya da na karanta masa wannan dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce to a je a faɗa wa tumatir.

Kar ku ga laifinsa, domin ya taɓo inda gizo ke saƙa. Wanda ya ɗauko kwandunan tumatir ko barkono ko kankana, kowace awa da ta wuce asara ce, kaya na ruɓewa a bayansa. Wanda ya ɗauko shanu ko tumaki kuma tsoronsa kar wata ta faɗi a tattake ta, masu dabbobin na zaune a saman mota suna buga masa ƙarfe suna cewa a tafi. Na hatsi ya ɗan fi samun sararawa, amma shi ma ana so ya riski kasuwa kafin farashi ya sauka. Kowa da uzurinsa, kuma duk uzurin nan a kan idon mutum ɗaya yake sauka.

Don mu ga yadda wasu suka yi da irin wannan matsalar, bari mu leƙa Turai. Su ma suna da tumatir, suna da attajirai masu son riba. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da doka ta 2006 da ta tsara komai dalla-dalla. Direban babbar mota ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sau biyu kawai a mako aka yarda ya kai 10. Bayan tuƙin awa 4 da rabi dole ya huta minti 45. Hutunsa na kowace rana awa 11 ne. To a nan ne maganar ragi ta shigo: an yarda a rage wannan hutun ya koma awa 9, amma ba fiye da sau 3 ba tsakanin hutun mako da na wani makon. Hutun mako kuma awa 45 ne, ana iya rage shi zuwa awa 24, da sharaɗin sai an rama wa direba abin da aka zaftare masa daga baya. Ma'ana kamfani na iya tsara aiki da ragaggen hutu, amma iyakar ragin doka ce ta yanke shi, ba bakin maigida ba. Ƙasa da awa 9 babu shi, ko direban da kansa ya ce ya yarda.

Kuma ba su bar abin a kan amana ba. A cikin kowace babbar mota akwai wata na'ura da ke rubuta lokacin da mota ta tashi, da lokacin da ta tsaya, da gudun da ta yi. Jami'i na tsayar da kai zai duba, in an karya ƙa'ida a ci tarar direba, a bi kamfanin ma har gida. Har ila yau dokar tasu ta hana a biya direba gwargwadon nisan da ya yi ko yawan kayan da ya ɗauka matuƙar hakan zai ingiza shi ya yi ganganci. A 2017 ma babbar kotunsu ta yanke hukunci cewa wancan cikakken hutun na awa 45 ba a yin sa a cikin kan mota. Ni da na ji wannan sai na tuna namu da ke shimfiɗa tabarma ko buhu a ƙarƙashin tirela a gefen titi, sauro na cizo, kunne ɗaya na sauraren ɓarayin batir da na man gas. A Amurka ma ƙa'idar ita ce tuƙin awa 11 bayan hutun awa 10 a jere.

To mu dawo gida. Ba rashin doka ne ya dame mu ba, kun dai ji ta a sama. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake biyan direba. Da yawansu ba su da wani albashin kirki, abin da suke samu yana rataye ne a kan yawan sawun da suka yi. Wani kuma an yanka masa balas ɗin da zai kawo wa mai mota a kowace tafiya, abin da ya yi saura bayan mai da abinci da kuɗin da ake miƙawa a shingaye shi ne nasa. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 wannan sauran ya ƙara ƙanƙancewa. Kin ga a irin wannan tsarin mai mota ba ya ma buƙatar buɗe baki ya ce kar ka yi barci. Aljihu ne zai faɗa masa. Direba da kansa zai lissafa ya ga in ya kwana a hanya sawu huɗun da yake so ya yi a wata sun koma uku, ga kuɗin makaranta, ga haya, ga suna ya taho. Sai ya sayi goro ya ce Allah na nan.

Allah na nan, haƙiƙa, amma barci ba ya jin roƙo. Masana sun ce jikin ɗan Adam yana da lokutan da yake neman kwanciya ko an ƙi ko an so, mafi tsanani daga wajen ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar in an ci abinci. Kuma wannan tsakar daren shi ne lokacin da manyan motoci suka fi son tafiya, saboda hanya ta yi sauƙi, ga sanyi taya ba ta fashewa. Akwai wani ɗan gyangyaɗi da ke ɗauke mutum na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ido a buɗe, shi kansa bai san ya tafi ba. Ki ce daƙiƙa huɗu me za ta yi? Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 4 ta shafe kusan mita 90, wato kusan tsawon filin ƙwallo, da buhu ɗaruruwa a bayanta, ba kowa a kan sitiyari sai gangar jiki. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha giya. Subhanallahi! Mutumin da ko warin giya bai sani ba, mai salla a kan lokaci, rashin barci ya mayar da shi sahun mashaya a kan titi.

Daga nan ne kuma wata musibar ke shigowa. Ana farawa da goro da shayi mai kauri da Nescafé, a wuce gadagi, in jiki ya saba ya daina ji sai wani abokin ya miƙo ƙwaya ya ce gwada wannan. Tiramol ta shiga tashoshinmu ta wannan ƙofar. Ba na cewa duk direba na sha, wallahi akwai dattawa masu mutunci da ko sigari ba su taɓa sa wa a baki ba. Amma duk matar da ta ga mijinta ya fara saurin fushi, abinci ya fita ransa, ya dawo daga tafiyar kwana bakwai kuma barcin ya ƙi zuwa, to ta sa ido. Mu mata mun fi saurin zargin ko ya yi budurwa a Mararrabar Jos, alhali wataƙila kishiyar tamu a cikin aljihun rigarsa take, ƙunshe a takarda.

Wani abin da masu motoci ke fakewa da shi shi ne cewa ai direba yana hutawa a wurin lodi. Wai ya yi kwana uku a layi a Apapa yana jiran a sauke ko a ɗora masa kaya, me ya fi wannan hutu? Haba jama'a! Wanda ke cikin layi, duk bayan ɗan lokaci sai ya tashi mota ya matsa gaba kar a tsallake shi, ga hayaƙi, ga zafi, ba banɗaki ba wurin wanka, wannan gadi ne ba hutu ba. Haka wanda ya tsaya a daji yana gyaran taya ko jiran makanike. Kuma ko direba ya so tsayawa, a ina zai tsaya? Wuraren da aka sani irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere cike suke maƙil, motoci har kan kwalta. Tsakaninsu kuwa akwai dazuzzukan da ba mai hankalin da zai kashe mota a cikinsu, duk wanda ya san labarin hanyar Birnin Gwari a shekarun nan ya san abin da nake nufi. Gwamnatin da ta ce a huta awa 8, ita ya kamata ta tanadi inda za a yi awa 8 ɗin cikin aminci.

A 2017 hukumar FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Madalla. Amma na'urar da ke hana mota gudu ba ta san ko direban ya runtsa jiya ba. Jami'in da ke kan hanya zai duba lasin, ya duba taya da fitila da abin kashe gobara, to da me zai auna barci? Tun 2007 akwai tsarin da hukumar ta fito da shi na sa ido a kan masu motoci 5 zuwa sama, amma mafi yawan masu motocinmu na nan mai ɗaya ne, mai biyu ne, yarjejeniyarsu da direba ta baka ce, a tasha aka ƙulla ta gaban ɗan kamasho. In haɗari ya faru direba ne a asibitin Birnin Kudu ko a hannun 'yan sanda, ko a makabarta. Mai mota kuwa jaje ake zuwa yi masa na asarar dukiya.

Kuma kar wata ta ce ni mijina malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa, ba ruwana. Ƙannenmu 'yan ci-rani da ke tafiya kudu bayan an gama girbi, da yawansu a saman waɗannan buhunan suke zama saboda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu, duk da hukuma ta hana ɗora mutane a kan kaya. Motar da za ta kai ki awo, da wadda ta ɗauko 'yan kai amarya, da ɗan acaɓan da ya goyo yaranki daga makaranta, duk titi ɗaya suke bi da wannan mutumin da rabonsa da barcin kirki tun shekaranjiya.

Ƙungiyoyi ma suna da abin yi. Direbobi na da NURTW, masu motoci na da NARTO, kuma duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san in shugabannin tasha suka ce mota ba za ta yi lodi ba, to ba za ta yi ba. Yadda suke da littafin rubuta layi da karɓar kuɗin tikiti, me zai hana su rubuta lokacin da direba ya shigo gari, su ce ba a ba shi lodi sai ya kwana? In kowa ya san haka dokar tasha take, barazanar kawo makulli ta mutu, tunda wanda za a miƙa wa makullin ma ƙa'idar za ta hau kansa. Tafiyar Ikko kuma a riƙa sa direba biyu, kamar yadda wasu manyan kamfanoni ke yi, ba a bar yaron mota da ko lasin ba shi da shi ya karɓi sitiyari da tsakar dare don maigidansa ya ɗan runtsa ba.

Saura mu matan gida, don ba zan kare mu ba. Wata tun mijin yana Ogbomosho ta fara kira, shinkafa ta ƙare, an kawo ankon bikin ƙawarta, yaushe za ka iso? Kira goma a dare ɗaya, ga shi yana kan sitiyari. In ya iso kuma ko takalmi bai cire ba an tare shi da ƙarar kishiya da ta yara da ta maƙwabta. Mai mata biyu ma ya fi shiga uku, wannan na lissafin kwananta, waccan na cewa an ci mata nata a hanya. Yaya tawa dabarar da ta koya a ƙarshe ita ce, da zarar ya shigo ta kwashe yara ta tura su gidan Inna, ta sa labule, ta hana kowa sallama a ƙofar ɗakin. Wayar ma takan ɗauke ta ta kai ɗakin girki. In maigidan nasa ya kira, ta gaishe shi cikin ladabi, ranka ya daɗe, ya iyali, sannan ta ce ai yanzu ya samu barci, in ya tashi zai kira. Sau biyu Alhajin ya yi faɗa, har ya aiko a ja mata kunne. Bai dai karɓi makullin ba har yau, domin direban da ya yi shekara goma bai taɓa kayar masa da mota ba, ba a tsintarsa a bakin tasha.